Bas kyauta zai iya maye gurbin harajin cunkoso?

Ka tambaya ko a yi fafutukar shiga bas kyauta maimakon cajin masu mota kuɗin shiga tsakiyar gari. Malam, da kamar wuya.

Birnin Tallinn na Estoniya ya yafe wa mazaunansa kuɗin bas a 2013, Luksambok ta yi wa ƙasar baki ɗaya a 2020. Sai dai a Tallinn da yawa cikin sababbin fasinjojin dama a ƙafa suke tafiya, mai mota bai ajiye makullinsa ba. Shi kuɗin tikiti bai dame shi ba, tsayuwa a tasha cikin sanyi yana duba agogo ne ba ya so.

Landan kuwa ta ɗora harajin a 2003, ta zuba kuɗin a harkar sufuri. In gangami za ku yi, ku fara neman ƙarin bas masu zuwa kan lokaci.