Amsa kan jinsin naman kaza na Mycena

Malam, ka tambaya ko duk ƙananan naman kaza masu hula kamar ƙararrawa 'yan Mycena ne. A'a, ba duka ba.

Mycena jinsi ne a dangin Mycenaceae, cikin rukunin Agaricales, kuma nau'o'insa sun haura 500. Yawanci ƙafarsu siririya ce, ƙurar irinsu fara, suna tsiro a ruɓaɓɓen itace da ganye. Amma kama da wane ba wane ba ce. Da aka binciki kwayoyin halittarsu, sai aka ga wasu ba jini ɗaya suke ba, shi ya sa a 2012 aka ware wasu daga Mycena zuwa wani jinsi daban mai suna Atheniella.

Wanda ya fi burge ni shi ne Mycena chlorophos, mai haske kore cikin duhu. Don Allah kada ka ɗanɗana ko ɗaya, Mycena pura na da dafi.