Abin da ya sa mutanen nan suka ƙi Super League

Ƙanena, na ji saƙonka na murya har sau biyu, kuma na yi dariya da ka ce Turawan Ingila ba su san daɗi ba, an kawo musu Real Madrid da Liverpool duk mako sun sa ƙafa sun shure. Daga inda kake zaune, a kan bencin gidan kallo, janareto na ruri a bayanka, maganarka tana kan hanya. Ni ma da na zo Leicester shekaru kusan ashirin da suka wuce, da irin wannan idon na zo.

Ka tuna yadda aka yi. Daren Lahadi 18 ga Afrilu 2021 ƙungiyoyi 12 suka fito da sanarwar kafa sabuwar gasar Turai ta kansu mai suna Super League, shida na Ingila, uku na Sifaniya, uku na Italiya, Florentino Perez na Real Madrid ne shugaba, bankin JP Morgan ne zai zuba kuɗin. Ƙungiyoyi 20 za su riƙa bugawa, amma 15 daga ciki kujerarsu ta dindindin ce, ko sun ci ko an ci su. To wannan dindindin ɗin shi ne ya ɓallo ruwa. A makon da aka yi sanarwar Leicester ce ta uku a teburin Firimiya, Arsenal tana can wajen ta tara, amma Arsenal aka ajiye wa kujera.

Akwai wani dattijo Bature maƙwabcina, tsohon ma'aikacin masaƙa. Babansa ne ya fara kai shi tsohon filin Leicester na Filbert Street yana yaro, shi ma ya kai 'ya'yansa, yanzu jikarsa yake riƙe wa hannu zuwa sabon filinsu na King Power. Da ƙungiyar ta rufta mataki na uku a 2008, washegari na gan shi yana shanya gyalen kulob ɗin a igiya, idonsa jajir, kuma bai fasa sabunta tikitinsa na shekara ba. Shekara takwas bayan nan, a 2016, suka ɗauki kofin Firimiya da Vardy, wanda daga ƙaramar ƙungiyar Fleetwood aka sayo shi. Ranar da aka zaga da kofin mutumin nan kuka ya yi a kafaɗata, ni da ba mu haɗa addini ko yare ba. Kai ka ce masa daga yau an rufe ƙofar sama, komai ƙoƙarin garinsu ba za su shiga ba sai an gayyace su? A wurinsa kulob gado ne, kamar yadda gidan kakanmu yake a wurinmu. Mai kuɗin da ya saya riƙon amana aka ba shi.

Shi ya sa aka fita titi, duk da korona ta rufe filaye. Ranar Talata magoya bayan Chelsea suka tare ƙofar filinsu na Stamford Bridge, sai da tsohon golansu Petr Cech ya fito yana roƙonsu su bar motar 'yan wasa ta wuce. Kafin gari ya waye duk shidan Ingila sun janye, da safe kuma mai Liverpool, John Henry, ya fito a bidiyo yana ba da haƙuri.

Ka tambayi mu Hausawan nan wane ɓangare muka bi. Rabuwa muka yi, kuma cikin azumi ne, don haka bayan an sha ruwa musun yake tashi a waya. Ɗaliban da suka zo kwanan nan, da rigunan Barcelona da United a akwatinsu, bakinku ɗaya da su. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuwa, ɗana na fari ko sauraro ba ya yi. Shi ɗan Leicester ne, a makaranta ya ɗauko, tun kafin Ahmed Musa da Ndidi da Iheanacho su zo su ƙara masa hujja. Mu iyaye muna tsakiya: na zo da Arsenal a zuciyata tun zamanin Kanu, ban sake ta ba, amma a wannan makon kunyarta na ji.

Kada ka ɗauka waliyyai ne. Ita kanta Firimiyar ɓallewa ta yi a 1992 saboda kuɗin talabijin, kuma talaka a nan yana kuka da tsadar tikiti tun kafin Perez. Kuɗin da kuke biya a bakin ƙofar gidan kallo, da na masu kallo a Asiya da Amurka, suna cikin abin da ya kumbura ƙungiyoyin nan. Masu Super League ku suka ƙirga a matsayin kasuwa, suka ɗauka dattijon maƙwabcina ya zama tsohon yayi. A Disambar 2023 ma kotun Tarayyar Turai ta ce dokokin da hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta yi amfani da su wajen tare hanya sun saɓa ƙa'ida, don haka maganar tana iya dawowa da wata riga.

Amma kai ma ai ka san abin, ka dai manta ne. Da Kano Pillars ta faɗa gasar 'yan dagaji a 2022, 'yan Ƙofar Mata sun daina cewa sai masu gida? Da aka dawo a shekara mai bi, murnar da ka turo mini hotonta, da za ta yi zaƙi haka in da tun farko an rubuta cewa Pillars ba ta faɗuwa? Leicester ma ta faɗi a 2023, ta hau, ta sake faɗuwa a 2025, kuma maƙwabcina bai bar kujerarsa ba.

Ka gaida Inna da kyau. In mai zuwa ya samu, ka aiko wa ɗanka rigar Pillars, babba, don ya kere ni tsawo yanzu.