Tambaya da Amsa: Wai ƙura tana ciyar da halittun teku?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji ana cewa ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada tana zama abinci ga halittun teku, ni dai abin ya ɗaure min kai. Don Allah a yi min bayani.

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Maganar gaskiya ce, sai dai ba wai kifi ne ke haɗiyar ƙurar ba. A saman ruwan teku akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya iya gani, masana na ce musu fitofilankton, su ne tushen abincin teku, ƙananan halittu su ci su, kifi ya ci ƙananan halittun, haka abin ke tafiya har kan manyan kifaye, kuma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya aikinsu ne.

To su waɗannan tsirrai suna buƙatar sinadarin ƙarfe, ɗan mitsitsi ne fa, amma in babu shi ba sa iya sarrafa hasken rana yadda ya kamata. Shi kuma ƙarfe ba ya jimawa a narke cikin ruwan teku, sannan can tsakiyar teku ba kogin da ke kai shi, saboda haka ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samunsa ita ce ya sauko daga sama. Nan ƙura ta shigo, don tana ɗauke da ƙarfen, tamkar taki ake watsa wa gona.

Binciken da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 2015 ya ƙiyasta cewa ƙura wajen tan miliyan 182 ke barin Sahara ta nufi Tekun Atlantika duk shekara, kuma ɗaya daga cikin manyan wuraren da take tasowa shi ne kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tsohon tafki ne da ya ƙafe. Ban da ƙarfe ƙurar na ɗauke da fosfaras, wani sinadarin da tsirrai ke buƙata. Abin da ya fi burge ni shi ne akwai wata halitta a ruwa mai ɗumi da in ta samu ƙarfen nan sai ta jawo naitirojin daga iska ta mayar da shi abincin da sauran za su amfana.

Masanin teku ɗan Amurka John Martin ne ya dage tun wajen 1988 cewa rashin ƙarfe ke hana tsirran yaɗuwa a wurare kamar Tekun Kudu, wato tekun da ke kewaye da nahiyar Antaktika, a 1993 aka gwada zuba ƙarfe kusa da tsibiran Galapagos da ke Tekun Pasifik, suka kuwa ƙaru.

Ba ƙurar hamada kaɗai ba, tokar dutse mai aman wuta ma na yi, haka hayaƙin gobarar dajin Ostireliya ta 2019 zuwa 2020 ya sa tsirran sun yi tsiro sosai a Tekun Kudu har tauraron ɗan'adam ya hango.

Amma kar ka ɗauka duk ƙarfen da ya faɗa ruwa ake mora. Kaso kaɗan ne ke narkewa, sauran nutsewa yake yi, kuma ƙurar da ta daɗe a sama ta cuɗu da asid a cikin gajimare ta fi saurin narkewa.