Wani ya ce ya sha kuka, wani ya ce asarar kuɗi ce: wa zan bi a kan Planetarian?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina son ƙagaggun labaran kimiyya, amma ban taɓa karanta irin waɗanda ake bi a kwamfuta masu hoto da sauti ba. Wani abokina ya ce in fara da *Planetarian* tunda gajere ne. Da na leƙa ra'ayoyin mutane a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta na intanet, sai kaina ya ɗaure. Wannan ya ce ya sha kuka, wancan ya ce ai ba wasa ba ne, latse-latse ne kawai, wani kuma ya ce surutun yarinyar ya ishe shi har ya rufe. Wa zan bi a cikinsu? Kuma ya cancanci in sa kuɗina? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duk su ukun babu wanda ya yi maka ƙarya. Abu ɗaya suka gani, mudun da kowa ya auna da shi ne daban. In ka gane mudun kowannensu, za ka san wanda ya yi daidai da naka.

Bari mu fara da abin da za ka saya ɗin. Kamfanin Visual Arts da ke Osaka a Japan yana da wani reshe mai suna Key, shi ya fitar da *Planetarian* a ƙarshen Nuwamban 2004, Yuichi Suzumoto ne ya rubuta. Fassarar Turanci ta hukuma ta shiga Steam a 2014 ta hannun kamfanin Sekai Project. Labari mai hoto a al'adar Japan rubutu ne da ke fitowa layi-layi a kan zane, ga kiɗa, ga muryoyi, kai kuma kana latsawa ya ci gaba. Galibinsu sukan tsayar da kai a mararraba su ce ka zaɓa: ka bi wannan ko ka bi waccan, kuma zaɓinka ya canja ƙarshen labarin. *Planetarian* ba shi da wannan ko sau ɗaya. Yana cikin na farko-farkon da kamfanin ya fitar a ƙarƙashin tambarin KineticNovel, wato labari mai hanya ɗaya da ƙarshe ɗaya. Mai karatu a tsanake zai gama shi cikin awa biyu zuwa huɗu.

To ka ga mai cewa "ba wasa ba ne" gaskiyarsa ya faɗa. Sai dai laifin na kasuwar ne. Steam shagon wasanni ne, mutum ya shigo neman abin da zai gwada ƙwazonsa, aka miƙa masa littafi. Wanda ya je sayen tsire aka naɗe masa alkaki ba zai tsaya duba ko alkakin ya yi daɗi ba. Irin wannan sharhi amfaninsa ɗaya ne gare ka: ya sanar da kai cewa karatu za ka yi. Tunda ka riga ka sani, wuce shi.

Mai ƙorafin surutu shi ne ya kamata mu zauna a kansa, domin a nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa, kuma a nan ne labarin ya yi caca da mai karatu.

Ga yadda abin yake. Shekara 30 ke nan da yaƙi ya rusa duniya. Sama ta rufe, ruwa mai guba yana zuba ba dare ba rana, injunan yaƙi marasa matuƙi suna yawo suna harbin duk abin da ya motsa. Mai ba da labarin ɗan jari-bola ne, ba a faɗi sunansa ba, yana shiga garuruwan da aka gudu aka bari yana tsintar abinci da duk abin da zai sayu. Gudun tsira ya kai shi wani katafaren kanti, a saman benen kuma akwai ɗakin nuna taurari, irin mai rufin ƙubba da ake haska hoton sararin samaniya a jikinsa. Nan ya tarar da mutum-mutumi mai siffar budurwa, Hoshino Yumemi. Sunan nata ma wasa da kalmomi ne a Japananci, akwai tauraro a cikinsa akwai mafarki. Ma'aikata sun tafi sun bar ta, ita kuma ba ta fahimci duniya ta ƙare ba. Ragowar wutar lantarkin da ke isa wurin mako ɗaya kacal take ba ta a shekara. Sai ta farka, ta tsaya bakin ƙofa tana kiran 'yan kallo, babu kowa, ta koma barci.

Shigowar mutumin ke da wuya ta tare shi da murna, ta ce shi ne baƙo na miliyan biyu da rabi, ta miƙa masa kyautar furanni. Da ya duba, furannin nan ƙwan fitila ne da wayoyi da tarkace aka ɗaure wuri ɗaya, don babu fure a garin. Can kuma ta amsa cewa ta ɗan ƙara a lissafin, bai kai na miliyan biyu da rabi ba. Shi yana riƙe da makami yana neman inda zai ɓuya, ita tana ba shi haƙuri cewa majigin ya lalace. Ya ce ta yi shiru, ta yi na ɗan lokaci, ta sake ɗaukowa daga farko. Haka za ka yi ta fama da ita kusan rabin labarin: maimaita tallar ɗakin, maimaita ban-haƙuri, maimaita cewa ita ta ɗan samu matsala shi ya sa ba ta iya samun cibiyar gyara.

Wanda ya ce abin ya gundure shi bai yi ƙari ba. Ni ma a karon farko na yi ta latsawa da sauri ina cewa a raina, yarinyar nan ba ta gajiya ne? Amma ka lura, gundurar da kake ji ita ce ɗan jari-bolar yake ji. Marubucin ya ajiye ka a kujerarsa da gangan. Yana so kalmomin nan su zauna maka a kunne har ka haddace su ba ka sani ba, don in suka dawo a ƙarshe cikin wani yanayi dabam su same ka da nauyin da ba su da shi a farko. Wanda ya rufe a rabin awa ya biya kuɗin shiga ne ya fita kafin a fara. Duk da haka ba zan wanke labarin tas ba: akwai wurare a tsakiya, lokacin da mutumin yake gyaran majigi kwana da kwanaki, da an rage su babu abin da zai ragu. Dabara ce mai kyau da aka ɗan zarce da ita.

Majigin nan ma yana da tarihi. Yumemi tana kiransa da suna kamar abokiyar aiki, Jena. Jena gari ne a Jamus, can kamfanin Carl Zeiss ya ƙera majigin taurari na zamani na farko, wanda aka nuna a 1923. A Japan har yau akwai irinsa da ke aiki a ɗakin taurari na birnin Akashi tun 1960. Masu sha'awar ilmin taurari sukan yaba wa labarin saboda wannan kula, kuma sun cancanci a saurare su.

Yanzu zan ɗan fasa maka ƙwai kaɗan, na tsakiyar labari ne, ba ƙarshe ba. Bayan wahalar gyara, an kashe fitilu, taurari sun bayyana a ƙubba, mutumin da ya saba da baƙin hadari ya ɗaga kai. Ana cikin haka wutar ta ɗauke, kuma ba mai dawowa ba ce. Maimakon ya tashi, sai ya ce mata ta ci gaba da baki kawai, shi zai gani a zuciyarsa. Allon kwamfutarka ya yi duhu, saura murya da kiɗa. Duk wanda ya taɓa kwanciya a tabarma a tsakar gida da dare, babu wuta, wata tsohuwa tana ga ta nan ga ta nanku, yana kallon Kaza da 'Ya'yanta a sama, ba sai an yi masa bayanin wurin nan ba. A ganina a nan labarin ya ci kuɗinsa, kuma a nan za ka gane dalilin da ya sa ba a ba ka zaɓi ba. Da a ce a daidai lokacin wani akwati ya fito yana tambayarka "ka zauna ko ka tafi", da an ɓata komai.

Sai masu kuka. Su ma kada ka ɗauki maganarsu duka. Key ta yi suna da irin labaran da Japanawa ke kira nakige, wato wasan sa kuka, tun daga *Kanon* a 1999 zuwa *Clannad* da ya fito a shekara ɗaya da wannan. Mabiyansu sun san abin da suka zo nema, da hankici suke shigowa. In mutum ya rubuta "na yi kuka, goma bisa goma", ya gaya maka halinsa ne, bai gaya maka komai game da rubutun ba. Kuma akwai wani rukuni na huɗu da ba ka ambata ba, masu cewa tun daga minti goma na farko sun hango inda za a dosa, kuma kiɗan yana matsa wa mutum lamba ya ji tausayi. Waɗannan su ne masu sukar da na fi girmamawa. Gaskiya ne ba a ɓoye ƙarshen ba. Bambancina da su shi ne ban ɗauki hakan aibi ba. Labarin bai yi alkawarin ba ka mamaki ba, tun farko ya nuna maka batir mai ƙarewa da gari mai cike da bindigogi.

Tunda ka ce kai mai son labaran kimiyya ne, ga gargaɗin da ya fi shafarka. In abin da ke burge ka shi ne a zauna a warware maka yadda yaƙin ya faro, wane ne ya harba me, yaya ƙwaƙwalwar mutum-mutumin take aiki, to za ka tashi da yunwa. An taɓo dalilan a gurguje, lalacewar yanayi da yawan jama'a da rushewar shirin zuwa sararin samaniya, aka wuce. Mutum biyu ne a labarin, yawancinsa a ɗaki ɗaya. Tambayar kimiyyar da ya riƙe guda ce: na'urar da aka gina don ta yi wa mutane hidima, me take zama in mutanen sun tafi? Shin amincinta ga aikinta lalacewa ce ko wani abu ne da ya fi haka? Akwai wurin da take magana a kan abin da za ta roƙa game da makomar mutane da ta na'urori bayan mutuwa. Tunanin marubucin Japan ne, ka karanta shi a matsayin haka.

Game da karanta sharhin Steam gaba ɗaya, ga abin da nake yi. Ƙarƙashin sunan kowane mai sharhi ana nuna awannin da ya yi a kan abin. A gajeren labari wannan lamba ta fi sharhin kansa magana. Steam tun 2015 yana mayar wa mutum kuɗinsa in bai wuce kwana 14 da saye ba kuma bai kai awa biyu yana amfani da shi ba, don haka mai shakka yana da dalilin tsayawa da wuri. Sharhin wanda ya yi minti 20 ra'ayi ne a kan minti 20. Nemi wanda ya kai ƙarshe kuma bai so ba, ka ji dalilinsa. Sannan ka tuna cewa Steam babban yatsa ne sama ko ƙasa, babu tsaka-tsaki, kuma galibi wanda ya riga ya san yana son irin abin ne yake saye. Shi ya sa za ka ga yabo ya yi rinjaye sosai. Shafin VNDB, wanda aka kafa a 2007 don irin waɗannan labarai kaɗai, yana ba da maki daga 1 zuwa 10, kuma yana rarraba su bisa tsawo. A can za ka fi ganin masu cewa "ya yi kyau amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba", kuma su ne suka fi kusa da inda na tsaya.

Masu lissafin awa nawa a kan kuɗi nawa kuwa, ban da abin ce musu. Ba a sayen labari da mudu.

To ka saya? Ni na ce e, musamman a matsayin na farko, don abokinka ya yi maka zaɓi mai hankali: in bai yi maka ba, yamma ɗaya ka rasa, ba mako uku ba kamar manyan labaran Key. In kuɗin ya yi maka nauyi, jira lokacin rangwamen Steam, ana yi a tsakiyar shekara da ƙarshenta. An sake fitar da shi a sigogi daban-daban daga baya, don haka ka duba wadda kake saye tana da Turanci, domin muryoyin na Japananci ne. Akwai kuma zanen fim mai kashi biyar da kamfanin David Production ya yi a 2016. Kada ka fara da shi, zai gaya maka ƙarshe ya kuma rage maka surutun da ya kamata ka sha.

Ka karanta a zama ɗaya, da dare, ka cika cajin kwamfutarka, ka sa abin sauraro a kunne. Kada ka kashe muryar Yumemi ko da ta ishe ka. In ka iso wurin da allo ya yi duhu, ɗauke hannunka daga maɓalli, ka sa shi ya riƙa tafiya da kansa har ta gama magana.