Amsa: Ɗan ruwa biyu da uwarsa ce 'yar Najeriya, shin ɗan ƙasa ne?

Hajiya, kin tambaya ko ɗanki da kika haifa a Kano, mahaifinsa ɗan Labanan, ɗan Najeriya ne a doka. E, ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwarsa. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ya wadatar ɗaya daga cikin iyaye ya zama ɗan ƙasa, bai fifita uba ba. Sashe na 28 kuma bai hana irinsa riƙe fasfo biyu ba. Na Labanan ta hannun mahaifinsa zai samu, don dokarsu ta 1925 ta uba take bi.

Inda ake shan wahala shi ne takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga jami'a da aikin gwamnati. Ma'aikata sun saba tambayar garin uba, da sun ga suna da launin fata sai su fara jan ƙafa. Kada ki yarda, domin sashe na 318 ya ɗauki mutum ɗan jiha ko da ta uwa ko kaka ne. Ki fara karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ki haɗa da lambarki ta shaidar ɗan ƙasa (NIN) da taki shaidar asalin, sannan wasiƙar mai unguwa da sa hannun hakimi. Ki lura da rubutun sunan mahaifin, ya zama iri ɗaya a kowace takarda. Bambancin harafi guda kan tsayar da fasfo har sai an yi rantsuwar kotu.