Tambaya da Amsa: Saniya ce ta sa wa mai tatsa ciwo, ko shi ya sa mata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina kula da garken shanun madara. An gwada nonon wata saniya mai kumburin hantsa, aka ce Staphylococcus aureus ce. Sai ga maruru ya fito wa mai tatsarta a hannu, asibiti ma suka kira sunan nan. Wa ya sa wa wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Haɗuwar suna ba ta isa a yanke hukunci ba, domin wannan bakteriyar zuri'a-zuri'a ce, kowace da jikin da ta saba da shi. Galibin waɗanda ke zaune a hancin mutum suna ɗauke da wani bairas da ya lafe cikin DNA ɗinsu, ya kawo musu ƙwayoyin gado irin su scn da sak, waɗanda suka ƙware wajen karya garkuwar jikin ɗan Adam. A hantsa ba su da amfani, shi ya sa zuri'ar bakteriyar da ke jikin shanu takan zubar da su. Da yawa cikin na shanun kuma suna da wani dafi mai suna LukMF', wanda ke fasa fararen ƙwayoyin jinin saniya.

Amma tsallakawa na faruwa. A 2013 masu bincike a Cibiyar Roslin ta Edinbara sun nuna cewa zuri'ar CC97 ta taso daga shanu ta zauna a jikin mutane, bayan ta tsinci wancan bairas ɗin.

In kana son sanin gaskiyar garkenka, samfuri uku ake buƙata: nonon, mugunyar marurun, da abin da aka shafo daga hancin mai tatsar. A wajen nonon aka fi yin ɓarna. A zubar da tatsar farko sau uku, a goge kan nonon da auduga mai sifirit na kashi 70, sannan a tatsa cikin kwalba mai tsabta a karkace. In ba haka ba, ƙwayoyin fata za a shuka a ɗakin gwaji, sakamakon ya zama shirme. Ɗakin gwaji zai karanta DNA ɗin bakteriyar kowane samfuri, kimanin haruffa miliyan 2.8, ya ƙirga inda suka saɓa. Bambancin 'yan gomomi na nuna ba a daɗe da yaɗawa ba. Dubbai kuwa, babu abin da ya haɗa su. Zuri'ar da kasancewar scn su ke nuna inda ta fi yiwuwa ta taso.

A kula da tarko ɗaya. A 2011 aka bayyana mecC a nonon shanu a Ingila, ƙwayar gado mai hana dangin fenisilin aiki. Kamarta da mecA, takwararta da aka fi sani, kusan kashi 70 ce kawai, don haka gwajin PCR, mai neman mecA a DNA, yakan wuce ta. A nemi gwajin sefoksitin, wato a gwada ƙwayar da wannan maganin a ga ko yana kashe ta.

Kafin sakamako ya fito, mai tatsa ya rufe marurun ya sa safar hannu, kowace saniya da tsummanta, a tsoma kan nono cikin aidin bayan tatsa, mai ciwon kuma a bar ta ƙarshe. Nononta a zubar, don tafasawa ba ta kashe dafin da ƙwayar ta riga ta saki.

Tambaya: Likita, ni ɗalibar aikin jinya ce. Me ya sa tarin fuka na shanu, in ya kama mutum, ke ɗaukar wata 9 ana magani, na mutane wata 6?

Amsa: Malama, Mycobacterium bovis, ƙwayar tarin fuka ta shanu, da ta mutane sun yi daidai da fiye da kashi 99.9 a DNA, amma ta shanun tana da sauyi ɗaya a ƙwayar gado pncA. Wannan ƙwayar ke samar da sinadarin da ke mayar da maganin firazinamid makami a cikin bakteriyar. Da ta lalace, maganin ya tashi aiki, shi kuwa shi ne ya sa ake iya gamawa a wata 6. GeneXpert, gwajin gano tarin fuka, ba ya rarrabe su, saboda haka a tambayi majiyyaci ko yana shan ɗanyen nono ko aiki da shanu, musamman in ciwon a wuya ko ciki ya fito. Dumama nono a digiri 63 na minti 30, ko 72 na daƙiƙa 15, yana kashe ta.