Tambayi Injiniya: Wace manhajar zanen injina zan fara koya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a aji uku, ina karanta injiniyancin injina a nan Jos. An koya mana AutoCAD, zanen nan na shimfiɗe, amma duk tallar aikin da na gani sai in tarar ana neman wanda ya iya SolidWorks ko Inventor. Kwamfutata ta kwana biyu, RAM ɗinta 8GB ne. Wacce zan kama, kuma wata nawa zan yi kafin in iya?
Daga wani ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka koya a AutoCAD bai tafi a banza ba. Manhaja ce da ke kasuwa tun 1982, kuma har gobe da ita ake fitar da zanen da ake miƙa wa masu yanka faranti. Sai dai a can layi kake ja. A manhajojin zane mai tsawo da faɗi da kauri kuwa, ƙarfen kake ginawa a cikin kwamfuta, ka juya shi, ka leƙa cikinsa, ta gaya maka nauyinsa tun ba a sayo ƙarfen ba.

SolidWorks, wadda ta fito a 1995 kuma kamfanin Dassault Systèmes na Faransa ya saye ta a 1997, ita ce ta fi yawo a bakin masu ɗaukar aiki. Amma lasisinta da tsada, a Windows kaɗai take tafiya, kuma ta fi son RAM 16GB. Kwamfutarka za ta buɗe ta, ta riƙa nishi. Kada ka je wurin masu zuba ta sata a filashi. Na ga ɗaliban da aikin kammala karatunsu ya tafi da ƙwayar cutar da ta biyo irin wannan. Kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai Inventor da Fusion kyauta na shekara guda, a sabunta, in ka tura shaidar makaranta. Fusion tana ajiya a intanet, saboda haka za ta ci data. Onshape a burauza take aiki, ko da ƙaramar kwamfuta, amma a tsarin kyauta kowa na iya ganin zanenka. Sai FreeCAD, kyauta ce fil, babu ruwanta da intanet, kuma tun da sigar 1.0 ta fito a 2024 ta gyaru ƙwarai. Da ni ne kai, Inventor zan nema da katin makaranta, in ta yi wa kwamfutar nauyi in koma FreeCAD.

Kada zaɓin ya hana ka barci, don duk kanwar ja ce. Ka zana fuskar abu a shimfiɗe, ka ɗaure kowane layi da awo, sannan ka ja shi ya yi kauri da Extrude, ko ka kewaya shi a kan tsakiya da Revolve. Kowane mataki yana jere a gefen allo, in ka koma ka sauya awon farko sai sauran su bi. Wanda ya gane wannan a Inventor, mako biyu sun ishe shi ya saba da SolidWorks. Masu koyo a wurin ɗaurin nan suke ha'inci. A SolidWorks layin da bai ɗauru ba shuɗi ne, in ya ɗauru ya koma baƙi. Ka bar shuɗi ko ɗaya, ranar da ka taɓa wani awo sai rami ya tashi daga inda ka ajiye shi.

Bari in ba ka labarin kunyar da na sha. Farkon fara aikina na zana gidan boris na wani injin markaɗe. Boris ɗin lamba 6204 ne: faɗin ramin ciki milimita 20, faɗin waje 47, kauri 14. Na rubuta 47 a takarda, na kai wa wani dattijo mai injin sassaƙar ƙarfe a Dilimi, ina ta ji da kaina. Ya duba takardar ya ce, "Yaro, arba'in da bakwai ɗin nan, a buga shi da guduma ko ya zame da hannu?" Na ce, "Baba, yadda aka rubuta za a yi." Ya yi. Da muka saka boris ɗin sai ya faɗa ciki yana rawa kamar haƙorin tsohuwa. Laifina ne tsaf. A kwamfuta 47 ta shiga cikin 47 lafiya lau, amma ƙarfe ba ya fita cif. Abin da ya kamata in rubuta shi ne 47 H7, wato ramin kada ya gaza 47 kuma kada ya wuce ta da fiye da milimita 0.025. Babu manhajar da za ta tambaye ka wannan. Na biya kuɗin ƙarfe sau biyu, Baba kuma ya yafe mini ladan aikin na biyu bayan ya gama dariyarsa.

Saboda haka ga yadda za ka koya. Ka sayi ma'aunin baniya kalifa, wanda ake auna faɗi da zurfin ƙarfe da shi, da maus mai ƙafar tsakiya, don juya abu da allon shafawar laftof azaba ce. Ka shiga Dilimi ko Farin Gada ka samo tsohon fuli, da shaf, da famfon mai da ya mutu. Ka kwance, ka auna, ka gina kowane ɗaya, ka haɗa su a kwamfuta, sannan ka fitar da takardar zane ka kai wa mai sassaƙa ka tambaye shi ko zai iya aiki da ita ba tare da ya kira ka a waya ba. Ka lura da bidiyoyin YouTube: yawancin na Amurka da inci suke awo, inci ɗaya milimita 25.4, kuma tsarin da suke jera fuskokin abu (gaba, sama da gefe) a takarda shi ne wanda ake kira kusurwa ta uku, alhali Turai ta fi bin ta ɗaya. Ka sa alamar wadda ka bi a ƙasan takarda.

Batun lokaci, in kana ba ta awa guda kullum, a wata uku hannunka zai faɗa. Daga nan ka gwada jarrabawar CSWA, wato ta samun takardar shaidar iya SolidWorks, ta awa uku ce. In za ka tura wa wani aikinka kuma manhajarku ba ɗaya ba, ka fitar masa da fayil ɗin STEP, mai yanka faranti kuma DXF zai nema.